Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Majalisar Dokokin Jihar Kano a Kan Tsofaffinmu da Masu Jinyarsu

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Majalisar Dokokin Jihar Kano, da dukkan 'yan majalisa masu wakiltar mazaɓu 40 na jiharmu.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, ku da iyalanku, ina roƙon Allah ya taya ku riƙon amanar da aka ɗora muku. Ni ba 'yar siyasa ba ce, ba kuma wata ƙungiya ce ta turo ni ba. Malamar makaranta ce ni, kuma ɗaya daga cikin ɗimbin matan jihar nan da ke jinyar iyaye a gida. Abin da ya sa na rubuto shi ne in roƙe ku ku yi wa Kano dokar kula da tsofaffi, dokar da ta san da zaman mai jinya, wadda kuma za ta zo da kasonta a kasafin kuɗi.

Na san amsar da ake fara bayarwa duk sanda aka tayar da wannan zance: mu ba Turawa ba ne, ba ma kai iyayenmu gidan ajiya. Gaskiya ne, kuma Allah ya kiyashe mu da ranar da za mu zama haka. Bahaushe ya gwammace ya kwana da yunwa da a ce ya ɗauki uwarsa ya kai wani gida ya ajiye. Gidan gajiyayyu na Shahuci yana nan domin waɗanda ba su da kowa, ya kamata a ci gaba da kula da shi, amma ba irinsa nake roƙo a ƙara ginawa ba. Damuwata ita ce kyakkyawar al'adar nan ta zama wurin fakewar hukuma. Da zarar an ce ai iyali ne ke kula da tsofaffi a ƙasar Hausa, sai a yi hamdala a rufe fayil, ba mai tambayar wane ne iyalin. Ku leƙa gidajen ku gani, ranku ya daɗe. Iyalin nan galibi mace ɗaya ce. Ko 'yar da aurenta ya mutu ta dawo gida, ko matar ɗa, ko tsohuwar da ita ma gwiwa ta ƙi amma take ɗaga mijinta tana kwantarwa, ko jikar da aka ce ta ɗan dakata da makaranta har Kaka ta samu sauƙi, alhali kowa ya san Kaka ba tashi za ta yi ba.

A zamanin gandu abin bai yi nauyi haka ba. Gida ɗaya ne, 'ya'ya da matansu da jikoki duk a ciki, rumbu ɗaya, jinya kuma karɓa-karɓa. Yau wani ɗa yana Legas, wani Fatakwal, wani Saudiyya, wanda ya rage a gari yana haya a ciki da falo. Ciwon da a da yake ɗauke mutum cikin mako, yanzu magani na riƙe shi shekara da shekaru a kwance. Jinya ta ƙara tsawo, hannuwan da ke yin ta sun ragu.

Ba sabon abu nake ƙirƙiro muku ba. Sashe na 16 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa gwamnati samar da kulawa da fansho ga masu tsufa, sashe na 17 kuma ya ce a kare yara da matasa da tsofaffi daga cin zali da wofintarwa. Matsalar, kamar yadda lauyoyin cikinku suka fi ni sani, ita ce waɗannan sassa suna babi na biyu, wanda ba a iya kai gwamnati ƙara a kansa sai an yi wata doka da ta ba shi ƙarfi. A tarayya an ɗan motsa. Shugaban ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, ya sa hannu a dokar kafa Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa a farkon 2018, cibiyar ta fara aiki a 2021, a shekarar ne kuma majalisar zartarwa ta amince da manufar ƙasa a kan tsufa. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta sanya tsofaffi cikin masu rauni da za a biya wa kuɗin magani daga wani asusu na musamman. Duk wannan yana da kyau, amma yana Abuja. Tsohuwar da ke kwance a wani lungu a Kurna, ko a wani ƙauye a Doguwa ko Kunci, ba ta taɓa jin labarinsa ba, ballantana ta gani a ƙasa. Asibitin unguwarta da ma'aikacin lafiyar da zai iya taka ƙofar gidanta na jiha ne da ƙaramar hukuma. Wato a hannunku suke.

Mu Kanawa bai kamata a tuna mana abin da ke faruwa ba idan aka yanke tsakanin tsoho da maganinsa. Mun gani a watan Afrilun 2020, lokacin kullen korona, sanda masu haƙar kabari suka fara cewa aikin ya fi ƙarfinsu. Daga baya ministan lafiya na lokacin, Dakta Osagie Ehanire, ya ce an ƙirga mutum 979 da suka rasu a ƙananan hukumomi takwas na cikin birni, akasarinsu sun haura shekara 65, kuma rabi ko fiye da haka na da alaƙa da cutar. Sauran fa? Kowa a garin nan ya san dattijon da ke da hawan jini ko ciwon suga wanda ya rasa inda zai ga likita a kwanakin, domin asibitoci da yawa sun rufe ƙofa ko suna gudun karɓar marasa lafiya. Mun rasa malamai, mun rasa masu sarauta, mun rasa iyayen da ba a buga sunansu a jarida ba. Da akwai wanda ya san gidajen da suke kwance, yana da sunayensu a rubuce, da an kai wa wasu magani har ɗaki.

Bari in faɗa muku yadda jinyar take daga ciki, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mahaifiyata ta samu shanyewar ɓarin jiki. Kafin in yi tawa alwalar da asuba sai na fara da ita: a ɗaga ta, a zare zanin gadon da ya jiƙe, a goge ledar da ke kan katifa, a wanke mata jiki da ruwan ɗumi, a tsane shi sosai, a shafa man kaɗanya a baya da ƙugu da dunduniya. Sai in yi mata alwala in juya ta ta fuskanci alƙibla, don ko da harshe ya yi nauyi ba ta yarda salla ta wuce ta. Kunu sai da cokali, kanta a ɗage, a hankali, don in ta ƙware tarin kan ɗauki lokaci bai lafa ba. Daga nan ne zan shirya yara, in shirya kaina, in bar ta a hannun ƙanwata in tafi aji da idon da bai ƙoshi da barci ba. Ranar zuwa asibiti kuwa aikin gayya ce. Sai an samu mai adaidaita sahun da zai yarda ya shigo lungu, sai an roƙi samarin maƙwabta su kama, a je a yanki kati, a bi layi tun sanyin safiya har rana ta take, tana kishingiɗe a jikina a kan benci. In an shiga, likita ga shi da mutane cike da ƙofa, zai auna jini, ya rubuta magani, ya ce a riƙa juya ta, a kai ta gashi. Ba na ganin laifinsa. Amma yadda ake juyawar, ba wanda aikinsa ne ya nuna.

Wata maƙwabciyarmu, tsohuwar nas da ta yi ritaya, ita ta shigo dubiya ta naɗe hannun riga ta koya mana. A juya ta duk bayan awa biyu. A sa matashi tsakanin gwiwoyi. Kada a ja ta ta hannun da ya shanye, don kafaɗa na iya gocewa, a shimfiɗa zani a ƙarƙashinta mutum biyu su kama gefe da gefe su ɗaga. A riƙa duba fata, in an ga wuri ya yi ja ko ya yi duhu bai koma ba, to gyambon kwanciya ne ke sallama. A riƙa lanƙwasa mata yatsu da gwiwar hannu kullum kada su sandare. Duka karatun bai kai tsawon zaman biki ba. Na kuwa je dubiya wani gida inda ba su samu mai gaya musu ba, na tarar da dattijo da rami a ƙugu, ana cusa masa auduga, ɗakin ba ya shiguwa sai da turare, 'yarsa tana kuka tana cewa ita fa ba ta taɓa barinsa cikin ƙazanta ba. Gaskiya ta faɗa. Ba ƙazanta ba ce, ba kuma rashin so ba ne, kwanciya ce a ɓari ɗaya. Wannan ilimi bai kamata ya zama sa'ar wanda Allah ya haɗa da maƙwabciya nas ba.

To ga babban roƙona, wanda in ma shi kaɗai kuka ɗauka na gode: a riƙa bin tsofaffin da suka kwanta har gida. Kada kowa ya ce ba zai yiwu ba, domin Kano ta riga ta yi wanda ya fi shi wuya. A yaƙin shan inna ba lungun da masu riga-kafi ba su shiga ba, da akwatin sanyi a kafaɗa da alli a hannu suna yi wa bango alama, mai unguwa yana gaba, dagaci da hakimi suna bin sawu. Da haka aka ga ƙarshen nau'in cutar na asali a jihar nan a Sumaila a 2014, aka kuma tabbatar wa Afirka ta rabu da shi a 2020. Har yanzu duk damina ana bin gida-gida da maganin riga-kafin zazzaɓin cizon sauro na yara. Hanyar tana nan, mutanen suna nan. Abin da ya rage shi ne doka ta ce a kowace mazaɓa daga cikin 484 da muke da su, asibitin matakin farko ya ajiye rijistar tsofaffin da ba sa iya fita, tare da sunan mai jinyar kowannensu, ma'aikacin lafiya kuma ya leƙa su ko sau ɗaya a wata da abin awon jini da na suga, ya duba fata, ya duba magungunan da ake sha, ya zauna da mai jinya ya koya mata abin da nas ɗin nan ta koya mana. Makarantun koyon aikin lafiya na jihar nan suna yaye ɗalibai kowace shekara, da yawansu suna zaune a gida da takarda a hannu. A ɗauke su, a ƙara musu horo a kan tsofaffi. A kuma tuna da ɗaukar maza, domin akwai kunyar da ba ta ƙetaruwa: matar ɗa ba za ta iya yi wa surukinta tsarki ba, shi ma ya gwammace ya kwana a jiƙe da ya bari.

A manyan asibitoci kuma a ware wa tsofaffi nasu sashe, ko aƙalla nasu layi da tasu rana. Asibitin koyarwa na Jami'ar Ibadan ya buɗe cibiyar kula da lafiyar tsofaffi tun 2012. Jihar da ta fi kowace yawan jama'a a ƙidayar 2006, da mutum sama da miliyan 9, ba ta rasa ɗakunan da za ta keɓe a asibitin Murtala da manyan asibitocin Wudil, Gwarzo, Bichi da Rano ba.

Sai magani. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, darajar naira ta faɗi, wasu kamfanonin magani na waje irin su GSK suka tattara nasu ya nasu, kuɗin magani ya tashi bai sauko ba. Ku tsaya a gaban kowane kyamis da yamma ku saurara. Za ku ji ana cewa a ba ni na kwana uku, ko a ba ni mai sauƙin kuɗi ko da ba shi likita ya rubuta ba. A gida kuma ana raba ƙwaya biyu, ko a sha yau a huta gobe, ko a daina in ciwon kai ya lafa. Maganin hawan jini ba irin na zazzaɓi ba ne da ake gamawa, na har abada ne, kuma tsallake shi ne ke kai mutane ga shanyewar jiki da ciwon ƙoda. Abin da gwamnati za ta kashe wajen ba tsoho ƙwayarsa ta shekara bai kama ƙafar abin da iyali za su kashe a wankin ƙoda na wata ɗaya ba. Muna da hukumar taimakekeniyar lafiya, muna da asusun tallafa wa lafiya na jiha, muna da hukumar samar da magunguna, ga kuma kason da ke zuwa daga asusun kula da lafiya matakin farko na tarayya, wanda dokar lafiya ta 2014 ta ware masa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya. Doka ta yanke shekarun da in mutum ya kai, kuma ba shi da ƙarfi, za a shigar da shi taimakekeniya kyauta, maganin hawan jini da na suga da aikin yanar ido su kasance a ciki. Rijistar kuma a je gida a yi ta. Ba hankali ba ne a ce wanda ba ya iya zama sai ya zo ofis an ɗauki hotonsa.

Wannan ya tuna mini da tantance 'yan fansho. An fara rage bashin garatutin da ya taru, kashi-kashi, kuma duk wanda yake da tsohon ma'aikaci a gida ya san abin a yaba ne. Amma duk lokacin da za a yi tantancewa, a ko'ina a ƙasar nan, sai ka ga an kinkimo dattijo a bayan mota don ya nuna yana da rai. Ku rubuta a doka cewa wanda likita ya shaida ba ya iya fita, jami'i ne zai je ya same shi.

Su 'yan fansho ma 'yan gata ne in aka kwatanta. Mafi yawan tsofaffinmu ba su taɓa karɓar albashi ba. Manomi ne, ɗan dako ne a Dawanau ko Singa, maɗinki ne da ido ya mutu, mai ƙosai ce, dillaliya ce. Fanshonsu 'ya'yansu ne, in akwai su, in kuma suna da shi. Wadda ba ta haihu ba, ko ta haifa sun riga ta, ita ce kuke gani a bakin danja da yamma tana miƙa hannu ta tagar motarku. An hana bara a titi, kuma ba na cewa bara abin so ce. Amma in aka kama ta aka kai ta ofis aka yi mata nasiha, ina za ta koma, me za ta ci? Malamanmu suna yawan kawo ƙissar Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda, da ya ga wani tsoho Bayahude yana bara, ya ce ba mu yi maka adalci ba in muka karɓi jiziya a hannunka kana da ƙarfi, muka yasar da kai da ka tsufa, ya sa aka yanka masa abin da zai ci daga baitulmali. Waɗannan tsofaffi su ma sun biya haraji da jangali, sun noma gyaɗar da aka yi dala da ita. A 2011 jihar Ekiti ta fara ba tsofaffi marasa galihu da suka kai shekara 65 naira 5,000 a wata, Osun ta biyo baya da naira 10,000. Tsibirin Zanzibar na ƙasar Tanzaniya, yankin Musulmi mai ƙaramin ƙarfi, ya fara biyan duk wanda ya kai shekara 70 tun 2016. Masu shekara 60 zuwa sama kimanin kashi 5 cikin 100 ne na 'yan Najeriya, masu 70 ba su ma kai haka ba. Ba na cewa a fara da kowa. A fara da wanda ya kai 70 ba shi da fansho, da wanda ya kwanta. Sai dai a ɗaure shirin da wata kafar kuɗi tsayayya, domin mun saba ganin irinsa ya tafi tare da gwamnatin da ta kawo shi. Kuma ku gafarce ni, ranku ya daɗe, kada fom ɗin ya biyo ta hannun 'yan siyasa. In ya biyo ta nan, kun fi ni sanin inda zai ƙare. Sunaye su fito daga rijistar asibitin mazaɓa, mai unguwa da limami su shaida, a liƙa su a bango kowa ya gani.

Akwai abin da ba ya buƙatar kuɗi mai yawa. Gidaje nawa ne a birnin nan da keken guragu ke jingine a sito tun da mai shi ya rasu, yana tsatsa, alhali a bayan katanga wata tana goya mahaifiyarta zuwa banɗaki? Hukumar Zakka da Hubusi, wadda aka kafa a 2003, za ta iya buɗe ma'ajiyar aro a manyan masallatan Juma'a: keken guragu, gadon asibiti, katifar da ke hana gyambo, sandar dogarawa, kujerar bayan gida. Mai buƙata ya ara da shaidar mai unguwa, in an gama a dawo da shi a wanke a ba wani. Magada za su kawo da murna in aka ce sadaka ce mai gudana ga mamacinsu. Attajiran Kantin Kwari da ke rabon atamfa da azumi za su iya sayen gadaje ɗari ba su ji a jikinsu ba, in akwai inda suka amince su kai.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne gigin tsufa. Tsohuwa ta fara kiran waɗanda suka mutu, ta ci abinci ta ce ba a ba ta ba, ta ajiye kuɗi ta manta ta ce matar ɗanta ce ta sace, ta buɗe ƙofa cikin dare ta kama hanyar garin da aka haife ta. Ku saurari sanarwar cigiya a gidajen rediyo, ba yara kaɗai ke ɓata ba. Wannan ciwo ne na ƙwaƙwalwa, likitoci sun san shi, akwai kuma yadda ake lallaɓa mai shi. Amma a gidajenmu sai a ce rikici ne, ko asiri, ko aljanu. Aure ya mutu a kansa, domin miji ya gaskata uwarsa cewa matarsa na hana ta abinci. Mafi muni, in tsohuwa ta ɓata ta faɗa unguwar da ba a san ta ba, tana sambatu, kanta ba ɗankwali, akwai yiwuwar wani ya ce mayya ce, yara su ɗauki dutse. Dokar ta hukunta mai dukan tsoho, da mai jifansa da maita, da ɗan da ya riƙe katin bankin ubansa yana cinye fanshon, da wanda ya sa tsohuwa ta dangwala hannu a takardar sayar da gida ba ta cikin hayyacinta. Ma'aikatar lafiya kuma ta zauna da malamai da Hisba da masu shirye-shiryen rediyo a fahimtar da jama'a. Huɗuba ɗaya a kan wannan ciwo za ta kai inda fosta dubu ba ta kai ba.

Ita kanta mai jinyar ba ta da bakin kuka. In ta ce ta gaji, sai a ce da ita ai Aljanna take nema, ta yi haƙuri, lada ne. Mun yarda lada ne, ba don shi ba da da yawa ba su jure ba. Allah ya hana mu ko da furta kalmar ƙosawa ga iyaye in tsufa ya riske su a wurinmu. Amma wannan umarni ga dukkan 'ya'ya yake, ba ga wadda ta fi kusa da ɗakin kaɗai ba. Mai jinya tana fama da ciwon baya, ta bar sana'arta, ta fita daga adashi, ba biki ba ta'aziyya, wani lokaci ita ma hawan jinin ya kama ta ba ta sani ba, har akan yi jana'izar mai jinya kafin ta majinyaci. In ma'aikacin lafiya ya zo gida ya auna ta ita ma. A sanya hutun jinyar iyaye a dokokin aikin gwamnati, kamar yadda ake ba da na haihuwa, don kada malama irina ta riƙa zaɓa tsakanin aji da uwa. A tallafa wa ƙungiyoyin mata na Islamiyya da na coci da 'yan agaji, waɗanda dama suna zuwa dubiya asibiti, a horar da su su riƙa karɓar mai jinya na yini guda ta samu ta yi barci ko ta je ganin likita. Jikar da aka cire daga makaranta kuwa, shugaban makarantarta ya sanar, a bi sawu a mayar da ita. Jihar da ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi ba za ta kau da kai daga wannan ƙofar da yara mata ke zurarewa ta cikinta ba.

Tunda mafi yawanku maza ne, bari in ɗan karkata. Yayyenmu da ƙannenmu da yawa sun ɗauka in sun turo kuɗin magani ta waya, suka leƙo ranar Juma'a da ledar lemo suka ce sannu Hajiya, sun sauke nasu. Allah ya saka da alheri, kuɗin na da amfani. Amma ku gwada kwana ɗaya a ɗakin, ku ce wa 'yar'uwarku ko matarku ta je ta kwanta. Wanda ya yi haka a cikinku ba sai na yi masa dogon bayani a kan wannan doka ba.

Majalisar nan ta nuna tana iya shiga sha'anin iyali in ta ga maslaha, kamar yadda ta yi dokar gwajin lafiya kafin aure a 2024. Gwamnati kuma tana samun kuɗin auren gata da ciyarwar azumi, waɗanda ba na ƙyashin kowa a kansu. Abin da ba na so shi ne ranar 1 ga Oktoba, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe wa tsofaffi, a tara masu iya tafiya a ɗakin taro a ba su shinkafa da atamfa a ɗauki hoto, a ce an yi. Waɗanda nake magana a kansu ba za su zo taron ba.

Ina roƙon kwamitin lafiya da na harkokin mata da walwalar jama'a su haɗu su tsara ƙudurin, a kira Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa, likitoci da nas-nas, masarautu, malamai da ƙungiyar 'yan fansho su ba da tasu gudummawa. In za a yi zaman jin ra'ayin jama'a, ku sani masu jinya ba za su iya barin ɗaki su zo harabar majalisa ba. A buɗe musu layin waya a rediyo da dare bayan isha, lokacin da suka kwantar da majinyatansu. Kowannenku kuma, in ya je mazaɓa a ƙarshen mako, ya ce wa mai unguwa ya raka shi gida uku da ake jinyar tsoho, ba da 'yan rakiya ba, ba da mai ɗaukar hoto ba. A yi wannan kafin gwamna ya kawo muku kasafin kuɗin baɗi, don a samu layin da za a rubuta shi.

Allah ya yi muku jagora, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya jiƙan waɗanda suka riga mu.

Wassalam.

Taku,
Wata malamar makaranta mai jinyar mahaifiyarta, Kano.